Ranar da Muka Mayar da Kaya Cikin Jirgi

Na san abin da kuka ji a gari game da yadda na bar aikin filin jirgi, don ni ma ina da kunne. Wasu sun ce muku ni na karya yajin aiki. Wasu sun ce taurin kaina ne ya ishi kamfani. Ke Zara har kin taɓa dawowa daga makaranta kina kuka, wai wata ta ce uwarki ta hana mutane jakunkunansu. To, na hana su, ban musa ba. Amma gara ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta tsaya a wurin, tun kafin tsufa ya fara yi mini ƙari da ragi a cikin labarin.

Filin jirgin Difa a lokacin ba wani abin kallo ba ne. Titin sauka ne guda, da ɗakin jira mai fankar da sai ta ga dama take juyawa, sai sikelina a bakin ƙofa. Ni ke duba biye, wato tikiti, in auna kaya, shi ya sa har gobe in na shiga kasuwa 'yan tattasai ke kirana Madam Kilo. A shagon kakanku na koyi awo, shi kuwa ɗan Damagaram ne da ko ɗan cikinsa ba ya ɗaga wa ƙafa a kan sikeli, to haka na fito. Masu loda kaya kuma shugabansu Ba Bukar ne, wani dogon Babarbare da ya fara aikin tun ban san hanyar filin ba. Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a wurinsa, na gyara masa har na gaji na ƙyale shi. In jirgi ya tsaya, shi ke buɗe rumbun kaya, shi ke shiga can ciki a tsugune cikin zafin nan, shi ke rufewa ya bubbuga ƙofar da tafin hannu kamar mai sallamar jaki. Duk shekarun da ya yi yana wannan, bai taɓa zama a kujerar jirgi ba.

Kamfanin ba zan faɗi sunansa ba, ya riga ya canza hannu ya canza fenti. Abin da zan faɗa shi ne mu ma'aikatan Difa ba a ɗauke mu cikakkun mutane ba. A Yamai suna kiran tasharmu ƙarshen layi, kuma haka suke yi da mu: rigunan aiki sai sun gama zaɓe a aiko mana da saura, umarni kuwa ta waya yake zuwa babu ko gaisuwa. Duk wannan mun shanye. Wanda ya tsaya mana a maƙoshi shi ne maganar kujera. Ma'aikacin Yamai, in shi ko iyalinsa za su yi tafiya kuma akwai gurbi a jirgi, shiga kawai yake yi. Mu da muke nesa da kowane babban asibiti, mu da in ciwo ya fi ƙarfin Difa sai an wuni an kwana a mota, mu aka ce ba mu cikin tsarin.

Shekarar da nake ba ku labari, matar Ba Bukar, Ya Falmata, ta kwanta ciwo. Ita ce mai aiko mana da soyayyen kifin kogin Komadugu ranar Juma'a, mace mai dariya har da hawaye. Likita ya ce ƙodarta ce, a kai ta Yamai ba tare da ɓata lokaci ba, biyen jirgi kuwa ya fi ƙarfin mai loda kaya. Na ɗauki waya na kira Mushe Sale, wato Malam Sale a bakin masu Faransanci, shugaban sashen ma'aikata, na gaishe shi yadda ake gaida manya, na roƙe shi kujera biyu.

"Madam Mariyama, na tausaya ƙwarai," in ji shi. "Amma ba ya cikin kwantiraginku. In na buɗe ƙofar nan yau, gobe duk Difa ta kamu da ciwo."

Ranar jirgin ya tashi fiye da rabin kujerunsa babu kowa. Ni na duba biye, na san abin da nake faɗa. Ba Bukar da hannunsa ya rufe rumbun kaya, ya bubbuga ƙofar yadda ya saba, ya wuce tasha ya sa matarsa a mota. Ba ta kai Damagaram ba. Bayan Gure kaɗan ta cika, kanta a kan cinyarsa, can aka sauke su aka yi mata sutura cikin mutanen da ba su san sunanta ba. Da ya dawo na je gaisuwa na kasa ɗaga ido, shi ne ma ya koma yana ba ni haƙuri.

"Kai kada ka yi kuka, Madam. Kwana ne ya ƙare. Amma jirgin nan, wallahi iska ya ɗauka ya kai Yamai."

Bayan damina aka ce za a sake kwantiragin ma'aikata gaba ɗaya, sandika kuma, wato ƙungiyarmu, ta ce kowace tasha ta fitar da wakili. Mazan suka haɗa baki suka ce ni. Ba wai sun fi ƙaunata ba ne, ni ce ke jin Faransanci, kuma sun san bakina ba ya mutuwa. Na kai maganar gida. Babanku Kiari yana tsakar gida ya baje injin ban-ruwansa yana gyara, don ruwan kogi ya iso kuma tattasai ba ya jira. Ya saurare ni bai ɗago kai ba.

"Ke da in kin buɗe baki sai an kira jandarma," ya ce. "Me za ki je ki nema?"

"Kujera."

"Mutane na neman ƙarin albashi, ke kujera?"

"Su nema, Allah ya ba mu. Ni kujera aka aike ni."

Ya goge hannu da tsumma, ya dube ni sosai. "To ki je, ban hana ba. Amma mutanen nan ba sa mantuwa. Za su ba ki abin da kike so, su yanki wani abu a jikinki."

Inna, kakarku, tana daga ɗaki ta ɗaga murya.

"Mace da taron maza! Ubanta ne ya lalata ta da sikeli."

Ita ce kuma da safe ta cusa mini ƙullin dambun kifi a jaka, ta ce kada in ci abincin mutanen da zan yi faɗa da su.

Don zuwa taro kam an samu kujera, har da ruwan sanyi. Wannan ne karo na farko da na shiga jirgin da nake auna wa kaya, kuma ko taga ban leƙa ba, raina a ɓace yake. A Yamai aka zaunar da mu a wani ɗaki mai sanyin da ke shiga ƙashi, Mushe Sale da mutanensa a gefe guda, mu a gefe guda, a gabanmu Kamarad Isufu, babban sakataren sandika, mutum mai murya da iya tsara zance. Can na koyi yadda kamfani ke gajiyar da mutum ba tare da ya zage shi ba. A sa taro da safe su zo bayan azahar. A gama magana yau, gobe su ce ba haka suka fahimta ba. Kome ka kawo, amsar ita ce za a duba. Maganar kujerata kuwa kullum tana can ƙarshe, sai an fara tattara takardu ake tunawa da ita. Wata rana da aka fita shan iska Kamarad Isufu ya ja ni gefe.

"Kamarad Mariyama, ki fahimta, ciniki ne. Dole mu saki ƙananan abubuwa mu kama manya."

"Kamarad, ina gidanka?"

"Nan Yamai mana."

"Daga ƙofarka zuwa babban asibiti ko a ƙafa ka je. Shi ya sa ya zama ƙarami."

Bai ji daɗi ba, ni ma ban faɗa don ya ji daɗi ba. Daga ƙarshe dai kamfani bai ba da babba ba bai ba da ƙarami ba, muka watse, sandika ta kira yajin aiki a dukan tashoshi. Doka ɗaya ce: ba a taɓa sikeli, ba a taɓa kaya.

Lokacin bazara ta shigo da ƙarfinta. Kullum mukan zo filin mu zauna ƙarƙashin bishiyar bedi a bakin shinge, ana dafa shayi ana tsokanar juna. Matuƙan jirgin hayarsu aka ɗauko daga waje, ba su cikin sandika, sai kamfani ya ga bari ya nuna wa duniya jirgi na tashi ko babu mu. Ya zaɓi Difa, ƙila don ya ɗauka ƙarshen layi ne ya fi saurin tsinkewa. Wata rana da hantsi muka ji ƙara, jirgi ya sauka, ya sauke matakalarsa da kansa, fasinja suka fito, a bayansu Mushe Sale da kansa yana fifita da jarida. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Sai ga wani dattijo ya taso daga wata tsohuwar akori-kura da ke tsaye a ƙofar filin tun safe, ya yi mana sallama, ya tambayi wane ne babba. Aka nuna ni, ya ɗan yi mamaki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"'Yata, daga Tumur muke. Yayanmu ne a cikin jirgin nan, a asibitin Yamai ya rasu. An haƙa kabari, jama'a na jira. In la'asar ta same mu a nan, soja za su rufe hanya."

Nan ne ya kamata ku san yadda ake loda jirgi. Akwatin gawa shi ake fara sakawa, a tura shi can ƙurya a ɗaure, sannan a jera jakunkuna a gabansa har ƙofa. Ba yadda za a kai gare shi sai an fitar da kome. In kuwa kome ya sauka ƙasa, to jirgi ya samu hidimarsa, Mushe Sale zai buga waya ya ce Difa ta koma aiki, kafin magariba sauran tashoshi su karaya, kujerarmu ta tafi ke nan. Dangin mamacin ba su da izinin zuwa gindin jirgi, jandarma ba za su bari ba. Matuƙin kuma ya aiko cewa ba zai daɗe ba, in ba a sauke ba da kayan zai koma, har da akwatin. Ban ce Mushe Sale ya shirya haka da gangan ba, Allah ne ya san zuciya, kuma dama haka ake lodi. Amma na ga fuskarsa da ya tako zuwa gindin bedin, kuma ba fuskar mai baƙin ciki ba ce.

"Madam Mariyama, ga mamaci, ga ku. Ku Musulmi ne. Ku yi aikinku."

Na koma gefe na kira Kamarad Isufu.

"Kada ku taɓa kome," ya ce. "In Difa ta sauke kaya, yajin ya mutu."

"Kamarad, gawa ce fa."

"Na ji. Kamfani ya ɗauko ta, shi ya san yadda zai yi da ita."

Na kashe wayar. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, don duk inda na juya sai na ci amanar wani. Mazan sun zuba mini ido. Ba Bukar ya ajiye kofin shayinsa ya miƙe.

"Madam, ni ba zan zauna a inuwa mutum yana cikin zafin ƙarfen nan ba. Nawa a hanya aka binne. Wannan a kai shi gida."

Na dube shi, na dubi jirgin, sai abin ya faɗo mini.

"Ba Bukar, wanda ya iya saukewa ai ya iya lodawa?"

"Ya iya."

"To ku tuɓe rigunan kamfani ku bar su nan. Ku sauke, ku fito da bawan Allah, sannan ku mayar da kome inda kuka same shi."

Sai na ga haƙoransa yana murmushi, karo na farko tun rasuwar matarsa. Suka rataye rigunan a reshe suka nufi jirgi da tufafin gida. Jakunkuna suka fara sauka, fasinja na murna daga bakin ɗakin jira, Mushe Sale ya manna waya a kunne yana kai da kawo yana murmushi. Da aka kai ga akwatin, ba su ɗora shi a keken kaya ba, a kafaɗa suka ɗauko shi. Filin ya yi tsit, sai kalmar shahada da ke tashi ƙasa-ƙasa, har jandarmomi suka cire hula. Ni na tsaya daga baya inda mata ke tsayawa, ina kallo aka sa shi a mota, dattijon ya ɗaga hannu ya yi mana addu'ar da har yau nake jin albarkarta, suka kama hanyar Tumur da sauran rana.

Sannan mutanena suka dawo gindin jirgi suka fara lodi. Da farko ba wanda ya gane, sai da jaka ta bi jaka zuwa ciki aka yi caa. Na ɗaga murya na ce duk mai magani a jakarsa ya zo ya ciro, mutum kaɗan suka zo suka ciro, saura kuwa aka mayar. Wata Hajiya 'yar garinmu, da ta sayo kayan lefen ɗanta, ta zage ni tas har da kakannina na Damagaram, kuma ban ga laifinta ba, don akwatunanta na gabanta tana kallo suka koma. Mushe Sale ya iso yana haki.

"Madam, kin haukace ne? Yanzun nan na gaya wa Yamai kun koma aiki!"

"Sai ka sake kira, Mushe. Muna yajin aiki. Abin da ka gani ɗazu haƙƙin mamaci ne, ba na kamfani ba."

Ya juya wurin shugaban jandarma, shi kuwa ya ce tsakaninmu ne da kamfani, ba wanda ya daki wani, yana faɗa yana toshe baki da hannu don ɓoye dariya. Ba Bukar ya rufe rumbun ya bubbuga ƙofar, jirgi ya tashi da jakunkunansa yadda ya zo da su. Ranar mun yi aiki ninki biyu cikin rana tsaka, kuma ba mu karya yaji ba.

Labarin ya riga jirgin isa Yamai. Kamarad Isufu ya kira ya wanke ni da faɗa a kan saɓa umarni, amma da muka koma teburi sai na ji shi yana ba 'yan jarida labarin kamar shi ya tsara. Na bar masa, tunda a wannan zaman kujerar Difa ita ya fara karantawa. Kamfani ya gaji da zama abin dariya a tasha da kasuwa, ga masu jakunkuna sun tasa shi gaba, sai ya sauko. Aka samu ɗan ƙari a albashi, aka kuma rubuta cewa ma'aikacin kowace tasha, shi ko matarsa ko 'ya'yansa ko iyayensa, in likita ya tura shi babban asibiti, yana da kujera da ta mai jinyarsa, zuwa da dawowa. Da aka sa hannu Mushe Sale ya taya ni murna da ladabi, na amsa masa da ladabi.

Ba a jima ba maganar babanku ta tabbata. Ba su kore ni ba, sun fi haka wayo. Girma suka ƙara mini, suka ce in koma babban ofis a Yamai nan take. Sun san ina da ku ƙanana, ga Inna da ƙafa ta fara gagara, ga mijin da ba zai ɗauki Komadugu a ka ya bi ni ba. Na kira sandika, Kamarad Isufu ya ce bai san yadda ake kai ƙarar ƙarin girma ba. Na ajiye aikin. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini ciwo. Na daɗe in na ji ƙarar jirgi sai in tsinci kaina ina neman mayafi, sannan in tuna ba inda za ni. Babanku bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Da kakar tattasai ta zo sai ya sayo babban sikeli ya kafa a bakin gona ya ce dillalai sun daɗe suna cutarsa, yana neman mai mugun hali. A kan wannan sikelin kuka yi karatu, kuma a bakin kogin nan na samu kwanciyar ran da ban taɓa samu a filin jirgi ba. Hajiya mai lefe ma mun shirya, ita ta yi mini rakiya ranar da za ni Makka.

Wanda ya fara hawa kujerar a Difa Ba Bukar ne. Yanar ido ce ta rufe masa gani har ya fara laluben ƙofar rumbu, likita ya tura shi Yamai a yi masa aiki. An ce da zai shiga ya nace sai an ba shi gefen taga, ma'aikaciyar jirgin ta rasa me zai kalla, ta dai ba shi. Ranar da ya dawo ko gida bai je ba, ya sa aka kawo shi gona. Ina tsaye kan sikeli muna musu da wani dillali, tattasai a shanye ko'ina, na ji muryarsa daga baya.

"Wushe, Madam Kilo! Kai ka taɓa leƙa taga?"

Na ce ban taɓa ba.

"Ka yi asara. Kogin nan siriri ne, yana ta lanƙwasa. Gefensa ja, ja, ja, har na tsorata, na kusa da ni ya ce tattasai ne aka shanya. Na nemi gonar Kiari. Na ga wani a tsakiya yana faɗa da mutane, na ce wannan Madam ne."

Muka yi dariya har dillalin ya manta musunsa. Ya zauna kan buhu, aka kawo masa ruwa ya sha, yana ta bin kome da kallo, kogi da shanu da fuskokinmu. Can ya shafa gwiwarsa.

"Kujerar yana da laushi, Madam. Ana kwantar da shi baya. Da Falmata ya ji daɗinsa."

Na juya na ce a ɗora buhu na gaba, na sunkuya kan sikeli kamar mai duba awo, don kada ya ga idona, tunda yanzu yana gani.